Mai Gadin Declan

Ƙarfe uku na dare ya gota ban runtsa ba. Haƙarƙarina na hagu yana zogi a duk numfashin da na ja, amma ba shi ya hana ni barci ba. Saƙon ƙanwata Hazel ne, wanda ya shigo tun ƙarfe tara, na karanta shi ya fi sau ashirin, na kasa mayar da amsa.

"Na ga takardar maki. Me ya kai ka shiga da saura minti arba'in a tashi? Dec bai taɓa neman mai gadi ba sai bana. Wannan na biyar ke nan, Rowan."

Ku da kuka daɗe kuna bin wannan labari nawa kun san ba na fara magana da kare kaina, yau ma ba zan yi ba. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin ni kaina sai da na kai ƙarshen na gane irin mutumin da na zama.

A ɗaya gadon, Declan Sugden yana ta sharar barci rub da ciki, safa ɗaya a ƙafa, ɗayar a kan fitilar gefen gado. Shekara bakwai ke nan muna raba ɗakin otal a duk garin da wasan kurket ya kai ƙungiyarmu. Ni mai jifa ne, irin wanda ake sa sunansa can ƙarshen jerin masu bugu. Shi mai bugu ne, kuma babu jaridar da ba ta rubuta cewa kafin hunturu zai sa hular ƙasa ba, wato za a kira shi tawagar 'yan wasan ƙasa. Shi ne kuma mutumin da Hazel za ta aura ranar sha ɗaya ga Oktoba, don mu ba ma aure sai an rufe kakar wasa.

Gadi kuwa aikina ne tun da na shiga ƙungiyar. Wasanmu kwana huɗu yake ɗauka. Idan yamma ta yi, haske ya fara ja da baya, aka fitar da ɗaya daga cikin masu bugunmu, kyaftin yakan juya ya tambayi gwanin da ke biye ko yana son mai gadi. In ya ce eh, sai a tura irina ya je ya tsaya a gaban turaku ukun da mai jifa ke hari, ya sha duka har a tashi, don gwani ya fito da safe rana tangararan. Ba maki ake nema a wurina ba, jikina ake nema. Babu abin kunya a ciki, kowa na yi. Sai dai abin yana da iyakar da ba a rubuta ba: minti goma sha biyar na ƙarshe, in ya yi yawa ashirin. Declan kuwa ko wannan bai taɓa karɓa ba. "Ni in laɓe a bayan Farfesa?" yakan ce, yana ɗaura hular kwano. "Gara in koma soya kifi a shagon kawuna." Farfesa ni ne, saboda laifin shekara uku da na yi a jami'a ina karanta tarihi.

Bana ya laɓe sau biyar. Na farko na ce haske ne. Na biyu na ce hankali ne ya zo masa, ya fara tattalin kansa saboda hular ƙasa. Daga na uku na daina cewa komai.

Hazel ba ta daina ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take riƙe littafin maki na ƙungiyar unguwarmu, da fensir kala-kala, kowane mai jifa da launinsa. Abin da wasu ke gani lambobi, ita labari take karantawa a ciki: wa ya tsorata, wa ya gaji, wa aka ɓoye. Ana iya yi wa ɗan jarida ƙarya, ana iya yi wa koci. Ban san yadda ake yi wa mai rubuta maki ba.

Dole in koma baya kaɗan. Bara, ranar da Hazel ta cika shekara ashirin da biyar, mun zauna mu tara a gidan cin abinci muna jiran Declan har ma'aikata suka fara kife kujeru a kan tebura. Ni na samo shi a wurin ajiye motoci na filin wasanmu, yana barci a buge a bayan sitiyari, inji na aiki, kyautarta a naɗe a kan cinyarsa. Washegari ta mayar masa da zobensa a cikin ambulan, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Wata bakwai bai daina zuwa roƙonta ba. A watan Afrilu ya tsaya a kicin ɗin Mama ya rantse ya daina shan giya, ya nuna mata takardar wata mai ba da shawara da yake gani duk Talata. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce:

"Ba zan riƙa shinshinar bakinka ba, Dec. Yara talatin nake koyarwa, sun ishe ni sa ido. Rowan ne ke kwana ɗaki ɗaya da kai. Duk ranar da na tambaye shi, abin da ya faɗa shi ke nan."

Ta mayar da zoben a yatsanta tana kallona, ba shi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, a waccan shekarar, duk daren da ya faɗi bai san inda kansa yake ba, ni nake ɗaukar wayarsa in rubuta mata: "na gaji masoyiya, sai da safe." Na iya salon rubutunsa kamar nawa. A kan kalmar wannan mutumin ta ɗora aurenta.

Lahadin da ta wuce mun ci abincin rana a gida. Mama ta tura ambulan ɗari da arba'in na katin gayyata zuwa ƙarshen tebur don a sami wurin gasasshen naman sa da dankali. Kowanne da adireshinsa da kan sarki, an ɗaure su goma-goma da zare. Sau biyu Hazel tana ɗaga ranar tura su, wannan karon Mama ta ce Asabar mai zuwa za ta kai su gidan waya ko ana ruwan ƙanƙara. Baba ya sa rigarsa mai tambarin tsohuwar ƙungiyarsa, wadda maɓallanta suka daina haɗuwa tun ina firamare. Shekara ashirin ya yi yana jifa a ƙananan gasa ba a taɓa kiransa sama ba, kuma tun ranar da Declan ya fara shigowa gidanmu yake kallonsa kamar an dawo masa da wani abu da aka ƙwace masa.

"Rowan ɗinmu, miƙa wa surukina romo, kada namansa ya bushe," ya ce, ya buɗe kwalbar giya ya nufi kofin Declan. Declan ya rufe kofin da tafin hannu yana murmushi.

"Na gode, Malcolm. Ruwa ya ishe ni."

"Ɗaya tal, yaro. Mu a zamaninmu kofi takwas muke sha daren Juma'a, Asabar mu wuni muna jifa, babu wanda ya je ganin mai ba da shawara."

"Shi ya sa babu wanda ya san sunanku," in ji Hazel, ba ta ɗago daga farantinta ba.

"Kin ji 'yarki, Lorraine?"

"Na ji ta. Ajiye kwalbar."

Aka yi dariya, Declan ya fi kowa. Bayan an gama na bi Mama kicin da faranti. Ta saki famfo da ƙarfi yadda ba za a ji mu ba.

"Yana riƙe da alkawarin, ko?"

"Ban ga ya sha ba, Mama."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi na sani."

Ta daɗe tana wanke faranti ɗaya. "Babanku ya riga ya gaya wa duk garin nan," ta ce. "In abin nan ya lalace, ban san da wace fuska zai fita sayen jarida ba." Ba ta ce in yi shiru ba. Mama ba ta taɓa cewa a yi shiru; sunan wanda zai ji ciwo in ka yi magana kawai take faɗa maka.

Wannan duka na kwana ina juyawa a daren Laraba. Da gari ya waye na rubuta wa Hazel, "Haske ne ba kyau, gajimare ya rufe." Na duba kalmomin, na goge su, na jefa wayar a aljihu.

Da safiyar Alhamis na ci gaba da bugun da na fara, na jure minti ashirin kafin dogon mai jifansu, wani da ake kira Pryce, ya tumɓuke mini turken tsakiya. Muka yi kiciɓis da Declan a bakin fili, ina fita yana shiga. Ya daki kafaɗata da safar hannu. "Na karɓa, Farfesa. Je ka karanta littafi."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta taimaki labarina ba: ban taɓa ganin abu mai kyau kamar bugun Declan na wannan safiya ba. Ƙwallon da ta kusa karya mini haƙarƙari, shi jiranta yake yi kamar saƙo aka aiko masa, ya ɗan karkata wuyan hannu, sai ka gan ta tana sheƙa gudu a kan ciyawa, ta ratsa tsakanin mutum biyu ta bugi igiyar iyaka. Tsofaffin da ke zaune da bargo a gwiwa da shayi a fulas, magoya bayan abokan hamayyarmu, suka ajiye jaridunsu suna tafa masa. Duk 'yan ƙungiyarmu suka fita baranda kallo. Ni kaɗai na rage a ɗakin sauya kaya, da ƙanƙara naɗe cikin tawul a kan haƙarƙari.

Akwatin kayansa yana buɗe kusa da nawa, dogon akwatin nan da muke kira makara. A cikin takalmi ya soke gorar ruwansa, shuɗiya, an manna mata sunansa. Tun Afrilu ba ya barin kowa ya taɓa ta. Ya ce sabon camfinsa ne, mu kuwa babu mai tambayar camfin wani, tunda a cikinmu akwai wanda ba ya wanke safarsa sai ranar da aka fitar da shi ba maki. Na daɗe ina kallon gorar. Na san in na bar ta, zan iya ci gaba da cewa ban gani ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Na buɗe. Ƙamshin lemon zaƙi ne kawai. Na kurɓa.

Ta ƙone ni tun daga harshe har ƙirji. Farar barasa ce, irin wadda ba ta da wari, an ɗan lulluɓe ta da lemo.

A waje aka sake ɓarkewa da tafi.

Na sami kocinmu, Thwaite, a ƙarshen baranda, hannu a aljihu, cingam a baki.

"Koci, ina son magana a kan Dec."

"Ga shi can, yi magana a kansa. Dubi ƙafafunsa. Ka taɓa ganin wanda ƙwallo ke jira haka?"

"Ba bugunsa ba."

Ya daina tauna. Bai juyo ba. "Ya makara mota ta tashi babu shi?"

"A'a."

"Ya daki wani? 'Yan jarida sun ɗauke shi a kwance a titi?"

"A'a, amma..."

"To ni abin da na gani a fili shi ne nawa. Na yi wasa da mutanen da suka ninka shi sha sau uku, yau hotunansu ne a bangon can." Ya ci gaba da tauna. "Kwantiraginka ƙarshen Satumba zai ƙare, ko? Akwai wanda ya fi ka murɗa ƙwallo a ƙungiya ta biyu, kai ma ka sani. Amma na gaya wa shugabanni, tun da aka haɗa ka da Dec ɗaki ɗaya, ban taɓa zuwa ofishin 'yan sanda belin kowa ba. Kowa da amfaninsa a ƙungiya, Farfesa."

Shekara bakwai ina tsammanin don jifana ake riƙe da ni.

Declan ya yi maki ɗari da arba'in da ɗaya. Kafin ya cire hular kwano saƙon Baba ya shigo mini: "Ka ga surukina? Na saya wa kowa a mashaya kofi ɗai-ɗai." Al'ada ce wanda ya cika ɗari ya saya wa ƙungiya tulun giya. Da muka koma otal ya sayi biyu, ya bi kowa ya cika masa kofi da hannunsa, shi ya ɗaga kofin soda da yankan lemon tsami.

"A sha don Fada Declan, limamin cocinmu," in ji Gaskell, kyaftin ɗinmu. "Mai raba wa jama'a, shi yana azumi."

"Ku sha ku yi mini addu'a, 'ya'yana," ya ce, ya ɗora hannu a kan sanƙon Gaskell yana sa masa albarka. Aka kwashe da dariya. Na dube shi ina neman alama, ban ga ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Kafin rana ta gama faɗuwa muka fita bakin teku, kamar yadda muka saba duk ranar da ya yi ɗari, don ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya sayi soyayyen dankali a takarda yana jefa wa tsuntsaye.

"Na ɗanɗana ruwanka," na ce.

Ya jefa wani dankalin. Ya jira har tsuntsu ya cafe.

"Satar ruwa ka koma?"

"Tun yaushe?"

"Ɗari da arba'in da ɗaya, Rowan. Kai ka taɓa yin arba'in da ɗayan ma?"

"Tun yaushe, Dec?"

Ya dunƙule takardar, ya miƙo mini hannunsa na dama a buɗe. Yatsun suna ɓari, kaɗan-kaɗan, ba su tsayawa. "Haka nake tashi kullum. Kurɓi biyu da safe sai ya tsaya, ƙwallo ta zama ƙatuwa, kowa ya yi tafi. Ba buguwa nake yi ba, gyara ne. Matsalar ranar da muka wuni muna tsaron fili ce. Awa shida a tsaye, babu abin yi sai tunani, gorar kuma tana nan bakin igiya. Kafin yamma..." Ya mayar da hannun aljihu. "Kafin yamma sai in riƙa ganin ƙwallon a makare."

"Shi ya sa kake tura ni."

"Shi ya sa nake tura wanda na yarda da shi."

Na so in dake shi. Abin da ya hana ni shi ne na ga da gaske yake, a ganinsa yabona ya yi.

"Saura sati uku a fitar da sunayen tawagar ƙasa," ya ce. "Daga ranar na ajiye, in koma wurin matar nan ta Talata, in yi duk abin da aka ce. In ka buɗe baki yanzu, babu hula, babu Hazel, to me ya rage da zan daina dominsa? Ka yi tunani mana, kai ne mai digiri."

"Asabar Mama za ta kai katuna."

"Ta kai. Kafin mutane su gama amsawa na warke." Ya rataya hannu a wuyana ta gefen da ba ya ciwo, ko a wannan hali bai manta wane gefe ba ne. "Kai ne babban abokin ango. An riga an auna ka kwat, Farfesa, kada ka sa tela aikin banza."

Ranar ma ban amsa wa Hazel ba. Ita ma ba ta sake rubutowa ba, kuma wanda ya san ta ya san shirunta ya fi tambayarta nauyi.

Juma'a muka wuni muna tsaron fili. Na yi jifa mai yawa, amma idona yana kan shuɗiyar gora a bakin igiya. Na ƙirga zuwansa wurinta har tara, na daina. Biyar da 'yan mintoci muka gama fitar da su, muka shiga bugu. Hadari ya taso daga teku, fili ya dushe. Shida saura kwata Pryce ya riga ya fitar mana da mutum biyu.

Gaskell ya juya. "Dec? Kana so?"

Declan yana zaune a kan makararsa, sanda a tsakanin gwiwoyi, yana kallon ƙasa. "Eh."

"Da saura minti arba'in da biyar fa," wani ya ce daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Ɗari da arba'in ya yi mana jiya, in gado ya ce yana so a kawo masa," in ji Gaskell. "Farfesa, shirya."

A shirye nake. Sai a lokacin na lura na riga na ɗaura kariyar ƙwauri da ta ƙirji tun kafin a tambayi kowa. Hannuwana ne suka yi, ba su shawarce ni ba.

Na san wasunku za su ce a nan ya kamata in ƙi. Na yi wannan tunanin tsakanin ƙofa da matakala. Amma na ga idonsa da ya ɗago, ruwa-ruwa, yana neman inda zai sauka. Pryce yana jifa da gudun mil casa'in a awa, ƙwallonmu kuma ba ta da maraba da dutse. Tura Declan gabansa a wannan hali daidai yake da tura shi ya tsallaka babbar hanya ido a rufe. Na sauka.

Ta farko ta wuce ta gefen kunnena, na ji iskarta. Ta uku ta sami haƙarƙarin nan, daidai wurin da aka riga aka yi mini tabo. Mai tsaron bayan turakunsu ya yi dariya. "Ina ango? Ya sake aiko surukinsa ya karɓar masa?" Na ɗan daddaki ƙasa da sanda kamar mai gyara wani abu, don numfashina ya dawo.

A nan ne, ina duƙe a tsakiyar fili, na ɗaga kai na ga babban allon maki. A lamba ta huɗu, wurin Declan, sunana ne. Na san a daidai wannan minti Hazel tana zaune a teburin Mama, ambulan ɗari da arba'in a gefen gwiwar hannunta, wayarta a gabanta, ta ga sunan nan ya fito inda bai kamata ba karo na shida. Babu abin da zan gaya mata da ba ta riga ta karanta ba. Abin da shiruna yake yi kawai shi ne koya mata ƙaryata idonta. In kuwa ta fara wannan koyo yanzu, shi za ta yi ta yi har tsufa, a gidan da ba zan kasance a cikinsa ba idan yamma ta yi.

Saura jifa huɗu a tashi, wata ta taso ta matse mini yatsan manuni na dama a jikin sanda. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Ukun da suka rage na tare su da jiki da duk abin da ya samu, har alƙali ya ce an tashi.

A ɗakin sauya kaya suka yi ta bubbuga benci. Declan ya rungume ni, yana ƙamshin lemo da cingam. "Jarumina," ya raɗa mini. "Sati uku kawai." Mai duba lafiyarmu ya ɗaure yatsan da na kusa da shi, ya ce sai an ɗauki hoto da safe, amma kada in sa rai da jifa kafin a rufe kaka. Thwaite ya dafa kafaɗata. "Kada ka damu da Satumba, Farfesa. Muna kula da masu kula da mu." Na fahimce shi sarai. Da karyayyen yatsa, dalili ɗaya ya rage da zai sa a riƙe ni a ƙungiyar nan, shi ne ke tsaye a can yana cusa shuɗiyar gora a cikin takalmi.

Bakwai da rabi muka koma ɗaki. Declan ya jefa wayarsa a kan gado ya shiga wanka, ya saki ruwa, ya fara rera wata waƙa da bai iya ba. Na zauna a bakin gadona da kayan wasa a jikina, farin wando duk koren ciyawa da jan ƙwallo. Da babban yatsan hagu na rubuta, harafi ɗaya-ɗaya. Abin ya ɗauke ni lokaci, na kuma ji daɗin hakan, don kowace kalma na sami damar janye ta, ban janye ba.

"Ba haske ba ne. Tana cikin gorar ruwansa, jiya na ɗanɗana da kaina. Ban san tun yaushe ba, amma ki ƙirga daga ranar da kika fara ganin sunana a wurinsa. Saƙonnin bara na 'na gaji, sai da safe' kuma ni na rubuta miki su, ba shi ba. Kada Mama ta kai katunan gobe sai kin yi magana da shi."

Na tura. Nan take alama ta nuna ta karanta. Ashe wayar na hannunta. Na ga ta fara rubutu, ta daina. Ta sake farawa, ta sake dainawa.

Sai wayar Declan ta haska a kan bargo. Hoton Hazel ne, wanda ya ɗauke ta a ɗan ɗakin masu rubuta maki, fensir a bayan kunne, tana hararar mai ɗauka. Hannuna ya san abin da ya saba yi: a rage sauti, a kife ta, a jira, a rubuta "na gaji". Na ɗauke ta, na je na ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki.

"Wa ke nemana? In koci ne, na mutu."

"Hazel ce."

"Ce mata ina wanka, zan kira ta."

"Ba zan ce mata komai ba, Dec. Na riga na faɗa."

Waƙar ta yanke. Can ruwan ma ya tsaya. Ina tsaye a wurin, wayar tana ta ruri a tafin hannuna, na ga mariƙin ƙofa ya fara juyawa a hankali.